Soke buƙatar intanet daga wani zare: tuta, farkarwa, ko rufe soket?

Mai POS a kasuwar Wuse ya saka kati, ya danna adadin kuɗi, sai allon na'urar ya tsaya cak a kan "ana aikawa". Sabis ya ɗauke. Kwastoma na tsaye da leda a hannu, wasu uku na jira a bayansa. Abin da ya rage wa mai POS shi ne ya danna maɓallin fasawa. Ko na'urar ta saurare shi nan take, ko ta yi masa kunnen uwar shegu na minti biyar, ko ta sandare sai an kashe an kunna, duk ya danganta da hanyar da wanda ya rubuta manhajar ya zaɓa.

Ga yadda matsalar take. Manhaja irin wannan tana da aƙalla zare biyu, wato layukan aiki biyu masu tafiya a lokaci guda: ɗaya yana kula da allo da maɓallai, ɗayan yana magana da sabar. Idan libcurl ake amfani da shi, laburaren aika buƙatun intanet da Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin yake jagoranta, to zare na biyu ya shige cikin curl_easy_perform, kuma ba zai fito ba sai aiki ya kammala ko ya lalace. Dannawar mai POS kuwa a zaren farko ta sauka. Babu wani aiki a libcurl da zaren farko zai kira ya ce a tsayar da wancan. Dokar laburaren a bayyane take: mariƙi ɗaya, wato abin da curl_easy_init ya miƙo maka, ba a taɓa shi daga zare biyu a lokaci ɗaya. Wanda ya kira curl_easy_cleanup daga zaren allo alhali ɗayan yana tsakiyar aiki, ya cire tsani ne mutum na sama. Wani lokaci manhajar ta faɗi nan take, wani lokaci sai bayan awa guda a wani wuri daban da ba shi da alaƙa da inda aka yi ɓarnar, kuma wannan ne ya fi wahalar ganowa.

Kada kuma a ce a bar ta ta gaji don kanta. Idan ba ka saita komai ba, libcurl yana ba wa ƙulla haɗi daƙiƙa 300. CURLOPT_TIMEOUT kuwa sifili ne a asali, ma'ana babu iyaka. In an riga an ƙulla haɗi, an aika buƙata, sabar ta karɓa, sannan layi ya mutu shiru, zaren zai iya zama nan har batirin na'urar ya ƙare. In kuma akwai bayanan da aka tura ba a tabbatar da isarsu ba, Linux zai yi ta sake turawa na kusan minti 15 kafin ya haƙura.

Tuta da kolbak

Hanya mafi sauƙi ita ce kada zaren allo ya taɓa komai na libcurl. Tuta kawai zai ɗaga, wato wata 'yar alamar eh-ko-a'a a memori da zare biyun ke iya gani. Shi kuma libcurl, yayin da yake aiki, yana waiwayowa lokaci-lokaci ya kira wani ɗan aiki naka, kolbak, don ya sanar da kai nisan da aka yi. A nan kake duba tutar:

static int duba_tuta(void *p, curl_off_t a, curl_off_t b, curl_off_t c, curl_off_t d) {
  struct aiki *w = p;
  return atomic_load(&w->a_fasa) ? 1 : 0;
}

Abu uku ake saitawa: CURLOPT_XFERINFOFUNCTION ya nuna wannan aikin, CURLOPT_XFERINFODATA ya ɗauki adireshin bayananka, sannan CURLOPT_NOPROGRESS a mayar da shi sifili. Na ukun nan shi aka fi mantawa, kuma in an manta da shi ba za a taɓa kiran kolbak ɗin ba, babu kuskure, babu gargaɗi. Da zarar kolbak ya dawo da 1, curl_easy_perform zai fito da CURLE_ABORTED_BY_CALLBACK, lamba 42, zaren da ke da mariƙin ya share kayansa da kansa.

Tutar ta zama atomik, wato wadda zare biyu za su iya taɓawa a tare ba tare da karo ba: atomic_bool a C11 ko std::atomic a C++. Kalmar volatile ba ta wadatar ba, domin ba ta ba da tabbacin komai game da yadda zare biyu suke ganin rubutun juna. Kuma kowace buƙata da tutarta. In tuta ɗaya ce ga manhaja duka, mai POS zai fasa ciniki na farko, ya fara na biyu da sauri, wani ya sauke tutar kafin na farko ya gan ta, ko kuma na biyun ya mutu a madadinsa.

Raunin wannan hanya jinkiri ne. Lokacin da bayanai ke gudana, ana kiran kolbak sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, amma in layi ya yi shiru, kiran yana komawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Saboda haka daga dannawa zuwa tsayawa ana iya samun daƙiƙa guda. Ga na'urar POS mai buƙata ɗaya a lokaci guda, wannan ba komai ba ne: ka sauya allo nan take zuwa "ana fasawa", ka kashe maɓallin biya, ka jira zaren ya ba da labari. Inda abin ke ciwo shi ne lokacin rufe manhaja mai zare ashirin, ko wurin da ake soke buƙata sau da yawa a jere.

Wasu suna sa dubawar a cikin kolbak na karɓar bayanai, su dawo da adadin da bai yi daidai da abin da aka ba su ba, a samu CURLE_WRITE_ERROR, lamba 23. Yana aiki in bayanai na shigowa. Amma ai matsalar mai POS ita ce babu abin da ke shigowa, kuma wannan kolbak ba a kiransa sai da bayanai. Ƙari ne, ba madadi ba.

Mariƙin tarayya da farkarwa

Hanya ta biyu ta fi tsawo a rubutu, amma ita ce libcurl ya tanada don wannan aikin. A maimakon curl_easy_perform, zare ɗaya ne yake riƙe da mariƙin tarayya na curl_multi_init, yana zuba buƙatu a ciki da curl_multi_add_handle, yana juyawa haka:

while (ana_aiki) {
  kwashe_layin_umarni(m);
  curl_multi_perform(m, &saura);
  karanta_sakamako(m);
  curl_multi_poll(m, NULL, 0, 1000, NULL);
}

Zaren allo in yana son soke buƙata, sai ya kulle makulli, ya ajiye lambar buƙatar a layin umarni, ya buɗe makulli, ya kira curl_multi_wakeup. Wannan aikin an yi shi ne musamman don a kira shi daga kowane zare. Zaren da ke barci cikin curl_multi_poll zai farka nan take, ya tarar da umarni, ya kira curl_multi_remove_handle sannan curl_easy_cleanup. In ma farkarwar ta zo lokacin da ba ya barci, ba ta ɓata ba: shigarsa ta gaba cikin curl_multi_poll zai fito ba tare da jira ba. Jinkirin daƙiƙa guda ya koma na 'yan milisakan.

Akwai ramuka huɗu a wannan hanya, kuma kusan kowa sai ya faɗa ɗaya. Na farko, buƙatar da ka cire da hannunka ba za ta fito a curl_multi_info_read a matsayin wadda ta kammala ba. In allo yana jiran wannan saƙon kafin ya daina juya alamar jira, zai yi ta juyawa har abada. Kai ne za ka aika masa labarin an soke. Na biyu, ba a kiran curl_multi_remove_handle daga cikin kolbak, libcurl zai ƙi da CURLM_RECURSIVE_API_CALL. Na uku, a layin umarni lamba ake ajiyewa, ba adireshin mariƙi ba. Buƙata tana iya kammala a daidai lokacin da yatsan mutum ke sauka kan maɓalli, an riga an share mariƙin, umarnin sokewa ya iso yana nuna kango. In lamba ce, sai a duba jadawali, a ga babu ita, a wuce. Na huɗu, ranar rufewa: a tabbata babu zaren da zai sake kiran curl_multi_wakeup kafin a kira curl_multi_cleanup.

Sai batun shekarun laburaren da ke kan na'urarka, wanda shi ne yakan yanke hukunci tun kafin a fara muhawara. curl_multi_poll ya shigo a 7.66.0 cikin 2019, curl_multi_wakeup a 7.68.0 a farkon 2020. Ubuntu 20.04 ya zo da 7.68.0 daidai, don haka yana da su. Ubuntu 18.04 yana da 7.58.0, ba shi da su. CentOS 7 kuwa, wanda ba abin mamaki ba ne a tarar da shi a ɗakin sabar wani ofishi har yau, 7.29.0 gare shi, ko CURLOPT_XFERINFOFUNCTION ba shi da shi, don wannan a 7.32.0 ya zo. Sai dai tsohon CURLOPT_PROGRESSFUNCTION. A irin waɗannan sai ka ƙera farkarwar da kanka: ka buɗe bututu da pipe, ka miƙa bakin karantawarsa ga curl_multi_wait a cikin jerin ƙarin abubuwan da zai sa wa ido, zaren allo ya rubuta bayit ɗaya a ɗaya bakin in yana son tada shi. Kada ka manta ka kwashe bayit ɗin bayan farkawa, in ba haka ba madaukin zai yi ta juyawa ba hutu, na'ura ta yi zafi, batir ya zube.

Ribar da ba a cika ambata ba tana wajen HTTP/2. Buƙatu da yawa suna iya hawa haɗi ɗaya, kuma cire guda ɗaya yana aika wa sabar RST_STREAM, wato saƙon a tsayar, na ita kaɗai, sauran su ci gaba. A HTTP/1.1 kuwa babu yadda za a tsayar da amsa a tsakiya sai an yanke haɗin baki ɗaya, ko ta wace hanya ka bi.

Rufe soket daga waje, da kashe zare

Wannan ita ce dabarar da ke fara zuwa wa mutum a rai, kuma tana burgewa a gwaji: ka kama lambar soket, wato bakin haɗin da tsarin na'ura ya buɗe zuwa sabar, ta CURLOPT_OPENSOCKETFUNCTION, ka ajiye, in an danna fasawa ka rufe shi. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

A Linux, kiran close daga wani zare ba lallai ya tada wanda ke jira a kan soket ɗin ba. Mafi muni, lambar da ka saki tana komawa kasuwa nan take, kuma tsarin yana bayar da mafi ƙanƙantar lamba da ba kowa a kanta. A ce soket ɗin lamba 7 ne. Ka rufe shi, wani zare ya buɗe fayil ɗin ajiyar cinikin yau, aka ba shi lamba 7. libcurl bai san an yi ba, ya rubuta ragowar buƙatarsa a cikin fayil ɗin, ko ya rufe shi a lokacin sharewa. Rumbun bayanai ya lalace, kuma babu mai zargin maɓallin fasawa.

Kiran shutdown ya fi close dama-dama, don yana tada mai jira kuma ba ya sakin lambar. Amma shi ma yana yi wa libcurl ƙarya: yana nuna masa kamar sabar ce ta yanke. Sakamakon ya danganta da inda aka tsaya. Za ka iya samun kuskure mai lamba 52, ko 56, ko 18, ka kasa bambance sokewa da lalacewar sabis. In amsar ba ta faɗi tsawonta ba, ƙarshenta shi ne rufewar haɗi, to rabin fayil zai dawo maka a matsayin nasara. In kuma haɗin tsoho ne da aka sake amfani da shi, kuma ba a karɓi ko bayit ɗaya na amsa ba, libcurl yana ɗauka haɗin ne ya tsufa ya mutu, sai ya buɗe sabo ya sake aika buƙatar. Wato mai POS ya danna fasawa, manhajar ta tura cinikin karo na biyu. Ga kuma cewa lokacin ƙulla haɗi ana iya samun soket biyu a buɗe, na IPv6 da na IPv4, da tazarar milisakan 200 tsakaninsu. Wanne ka ajiye?

Kashe zaren da pthread_cancel ko TerminateThread bai cancanci dogon bayani ba. Zare yana iya mutuwa riƙe da makullin rabon memori ko na OpenSSL, duk wanda ya zo bayansa ya tsaya a ƙofa har abada. Android ma ba shi da pthread_cancel gaba ɗaya.

Wani lokaci kada ka soke komai

Ɗauki akwatin bincike a manhajar odar kaya: mutum yana cikin motar haya daga Kubwa zuwa Berger yana rubuta "shinkafa", kowane harafi yana tada buƙata. Amsoshin ƙanana ne. In HTTP/1.1 ne, soke kowace yana kashe haɗi, sabon haɗi kuma yana cin zuwa-da-dawowa ɗaya na TCP, da ɗaya na TLS 1.3 ko biyu na TLS 1.2, kafin a ce uffan. In sabar tana Turai, a ce kowane zuwa-da-dawowa milisakan 150 ne, ka yi asarar kusan sulusin daƙiƙa zuwa rabi don ka tsira da 'yan kilobayit. Abin da ya fi shi ne kowace buƙata ta ɗauki lambar zubi, in amsa ta iso a kwatanta da lambar da ake kai yanzu, in tsohuwa ce a zubar. Babu zaren da ya taɓa wani. Ga bidiyo mai megabayit 200 da ke cin datar mutum kuwa, dole a yanke da gaske, a rubuta shi da sunan wucin gadi, a ci gaba daga inda aka tsaya da CURLOPT_RESUME_FROM_LARGE in an dawo.

Inda duk hanyoyin suke cijewa

Neman adireshin sabar, wato DNS. Kiran getaddrinfo ba shi da birki. In an gina libcurl ba tare da mai nema na gefe ba, to a wannan matakin ba kolbak, ba farkarwa, sai ya dawo. A Linux mai glibc daƙiƙa 5 ne kowane ƙoƙari, sau biyu, ga kowace sabar DNS da aka jera. Rubuta curl -V ka duba ko akwai AsynchDNS a jerin. In akwai, ko dai zare na musamman ne ke nema, ko c-ares, wani laburare na neman adireshi. Na farkon yana barin kolbak ya yi aiki, amma sharewa tana iya tsayawa jiran wancan zaren ya gama, abin da ya sa aka kawo CURLOPT_QUICK_EXIT a 7.87.0 don manhajar da za ta rufe nan take. c-ares shi ne wanda ake iya tsayarwa tsaf. Ko wanne ne, a manhaja mai zare fiye da ɗaya ka saita CURLOPT_NOSIGNAL zuwa 1, ka kuma yi shirin SIGPIPE, siginar da ke zuwa in an yi rubutu a haɗin da aka riga aka rufe, da kanka.

Abu na biyu ya fi DNS nauyi, don ya shafi kuɗin mutane. Sokewa a wayarka ba sokewa ba ce a sabar. Magana zarar bunu ce. In bayit na ƙarshe na buƙatar ya riga ya fita, sabar za ta iya cire kuɗin ta gama, abin da ka yanke kawai shi ne kunnenka na jin amsa. nginx, manhajar da ke karɓar buƙatu a ƙofar sabar, zai rubuta 499 a kundinsa, alamar mai buƙata ya tafi, amma manhajar da ke bayansa sau da yawa tana ci gaba da aikinta. Ɗaya ke nan daga hanyoyin da ake kaiwa ga rigimar da duk mazaunin Abuja ya sani, an cire kuɗi amma takarda ta ce ciniki bai yi ba. Don haka ga buƙatar POST mai taɓa kuɗi, kada allo ya ce "an soke". Ya ce ana tabbatarwa. Kowane ciniki ya samu lambar shaida tasa tun kafin a aika, a rubuta ta a ma'ajiyar na'ura, a tura ta tare da buƙatar, sabar ta ƙi yin aiki sau biyu a kan lamba ɗaya. Bayan fasawa, a tambayi sabar matsayin wannan lambar, in ya wuce a nemi a mayar. Wannan ba aikin laburare ba ne, kuma babu hanyar sokewa da za ta ɗauke maka shi.

To wacce za a ɗauka?

In buƙata ɗaya ce ko biyu a lokaci guda, kuma akwai tsohon kod da aka gina kan curl_easy_perform, tuta da kolbak sun isa. Layi goma ne, kuma da wuya su cuce ka. In kana rubuta laburare da wasu za su dogara da shi, ko buƙatu suna da yawa, ko ana son rufewa cikin ƙiftawar ido, ka sha wahalar mariƙin tarayya tun farko, don mayar da tsohon gini zuwa wannan tsari daga baya ya fi tsada. Rufe soket daga waje, ra'ayina, ba ya cikin zaɓi. Kowacce ka ɗauka, ka haɗa ta da wa'adi, domin ba kullum akwai mai danna maɓalli ba: CURLOPT_CONNECTTIMEOUT na daƙiƙa 10 zuwa 15, da CURLOPT_LOW_SPEED_LIMIT tare da CURLOPT_LOW_SPEED_TIME don saukar da manyan fayiloli, inda wa'adi dunƙule zai kashe aikin da ke tafiya a hankali amma lafiya lau.

Masu rubutu da wasu harsunan an rage musu aiki. A Android, laburaren OkHttp yana da cancel a kan kowace buƙata, ana kiransa daga kowane zare. Shi ma soket yake rufewa a HTTP/1.1, amma daga ciki, inda ya san an soke don haka ba ya sake aikawa. Go yana da context, .NET yana da CancellationToken, burauza tana da AbortController. Laburaren requests na Python ne ba shi da hanyar sokewa, ba shi ma da wa'adi sai ka sa masa; abin yi shi ne stream=True, ka riƙa karɓa gutsure-gutsure kana duba tuta tsakani.

Sannan a gwada a mugun yanayi, ba a kan wayifai na ofis a Maitama ba. Kunna nc -l 8080, wanda zai karɓi haɗi ya yi gum, ka aika masa buƙata ka danna fasawa, ka auna milisakan nawa aka ɗauka. Toshe wata tashar da dokar DROP ta iptables don gwada sokewa a tsakiyar ƙulla haɗi, ka toshe tasha ta 53 don gwada ta a tsakiyar neman adireshi. Daga nan ka rubuta madauki mai aika buƙata ya soke ta bayan jinkirin da ba a tsara ba, daga sifili zuwa milisakan 50, sau dubu goma, ka gina shi da -fsanitize=thread. Karon da ke faruwa tsakanin kammalawa da sokewa a wannan gwajin yake fitowa, kuma rahoton zai nuna maka layin da zare biyun suka haɗu a kansa.